Sunan da Muka Bar wa Birinya

Ni dai tun farko ban so a shigo da Don Crisanto cikin dajin nan ba. Na ce wa Nica, "Yarinya, mutum ya ba ki aron dajinsa, ki yi aikinki shiru. Meye na gayyato shi?"

Ta ce, "Baba Layo, kai kullum sai ka hango abin da babu. In Kawu Crisanto bai ga biran nan da idonsa ba, sayar da dajin zai yi."

Gaskiyarta ce, shi ya sa na ja bakina. Dajin guntu ne, ɗan abin da ya rage a gindin dutse, filin kiwo ya kewaye shi ta ko'ina. A cikinsa garken biranmu yake, masu kururuwar nan da muke ce wa saraguato. Ba su da inda za su je. Duk wanda ya sauko ƙasa ya ce zai tsallaka ciyawa, karnukan makiyaya ne za su gama da shi kafin ya kai bishiya ta gaba. Ga shi tun da matar Don Crisanto ta rasu, 'ya'yan ƙanensa suka sa shi a gaba, wai wani mai shanu daga garin San Andrés yana son wurin. Tsohon bai ce eh ba, bai ce a'a ba, amma an ga mai shanun ya zo da mota ya zagaya shinge har sau biyu. In aka sare bishiyoyin, birai sun tafi, aikin Nica na digiri ya tafi, ni ma in koma bin wutsiyar shanu da tsufana.

Aikinmu ba wani abin a zo a gani ba ne. Da sassafe mu bi kururuwarsu mu same su, kowa ya ɗauki biri ɗaya, ya tsaya a ƙarƙashinsa da wuya a ɗage har yamma. Me ya ci, ganye ko ɓaure, da wa ya zauna, wa ya kora. Mafi yawan yini ma barci suke yi, mu muna tsaye kaska tana cin mu. In ɗaya ya yi kashi, mu ruga da 'yar kwalba mu kwasa, a tura birni a duba tsutsar ciki. A ƙauye sunana ya koma Layo mai tarar kashin biri. Ba ya damuna, na ga masu tarar abin da ya fi wannan wari kuma suna sa kwat.

Doka biyu ce a kan suna. Kowane biri yana da nasa, kuma ba a canzawa har ya mutu, don waɗanda za su zo bayanmu su san wane ne wane. Jariri kuwa ba a raɗa masa sai ya cika shekara, saboda da yawa ba sa kaiwa.

To, a nan matsalar take. Tsohuwar birinyar garken, mai farin zobe a wutsiya, sunanta Doña Eufemia. Sunan matar Don Crisanto ke nan.

Ba ni na sa ba, ba Nica ba. Wani ɗalibi ne Bature, tun shekarun baya, ya bar ƙyauren shinge a buɗe shanu suka shiga masarar matar. Allah ya jiƙanta, mace ce mai baki. Ta bi shi da faɗa tun daga gona har bakin titi, ana ji daga coci. A makon nan ya ga wata budurwar birinya da ke masa haushi tana karyo rassa a kansa, sai ya liƙa mata sunan ya koma ƙasarsu. Na zo na iske sunan, Nica ta zo ta iske shi. Kuma ya yi mana daɗi a baki, ba zan ɓoye ba. Da safe sai ka ji a oba-oba, "Doña Eufemia ta tashi da masifa yau, kowa ya sa hula." Da matar ta rasu bara mun ɗan rage murya na mako guda, daga nan baki ya koma yadda ya saba.

Abin da ya sa laifin Nica ya fi na kowa nauyi, matar nan ce ta raine ta. Uwar Nica ƙanwar Don Crisanto ce, ta rasu yarinyar tana rarrafe. Doña Eufemia ba ta taɓa haihuwa ba. Ita ta je ta ɗauko ta, ta goya ta, ta yi mata wanka, ta zage ta, ta ciyar da ita, har ta kai ta jami'a. Inna take ce mata.

Ana jibi tsohon zai zo, muna tafiya gida a kan hanya, Nica ta ce, "Baba Layo, ranar Asabar sunan tsohuwar birinyar nan Canela. Na yini ɗaya kawai."

Na ce, "Na ji. Dakta fa?"

Ta ce, "Zan gaya mata."

Dakta Ximena ita ce sabuwar shugabar aikin, daga babban birni, ba ta yi wata guda da zuwa ba. Mace mai kirki, amma irin mutanen nan ne da ba sa barin kuskure ya wuce ko a kan adadin gishirin miya. Tun kafin ta sauka daga mota ta haddace sunayen biran nan da alamominsu, kuma tana ji da hakan. Mutanen ƙauye ne dai ba ta sani ba tukuna.

Ranar Juma'a na sake cewa, "Kin gaya wa Dakta?"

"Zan gaya mata mana, haba!"

Ba ta gaya mata ba. Na gane dalili daga baya. Kafin ta ce a ɓoye sunan, sai ta faɗi ko sunan wa ne, kuma bakinta ya kasa. Ni ma da na ga haka ai sai in je in faɗa da kaina, amma na ce ba huruminta zan shiga ba.

Asabar da safe sai ga Don Crisanto a kan dokinsa, da farar riga an goge ta, da sabuwar malafa, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya ɗaure dokin a shinge, ya miƙa wa Nica ƙunshin tamal, dafaffen ƙullin masara a ganyen ayaba, da zafinsa.

Na ce, "Don Crisanto, da wannan rigar za ka shiga? Birai ba su san manya ba fa."

Ya ce, "Kai da ka saba da su ai kai za su yi wa. Ina kwalbar taka? An ce har barci kake da ita."

Nica ta durƙusa ta sa masa dogayen takalman roba saboda maciji, yana ta mita wai tun kafin a haifi ubanta yake taka ƙasar nan ba takalmin roba. Dakta ta gaishe shi da ladabi, ta gode masa da aron wuri. Muka shiga, ni a gaba da adda.

Mun same su a babban ɓauren bakin rafi. Ana tsayawa, Capitán, babban namijin, ya kumbura maƙogwaro ya saki kururuwa har ganye na rawa. Tsohon ya dafe malafa ya ce, "Kai! Daga gida nake jin wannan kullum, ashe ɗan wannan abin ne? Ai na ɗauka ya kai ɗan maraƙi."

Nica ta shiga yi masa bayani, baki har kunne. Ta nuna masa ƙananan bishiyoyin da suka tsiro daga ƙwayar da biran suka kasayar, ta ce rafin da shanunsa ke sha a rani daga inuwar nan yake fitowa. Yana ta gyaɗa kai. Can sai muka ji yayyafi a kan sabuwar malafar, alhali sama tangaran. Wani matashin biri ne ya saki fitsari daidai kansa.

Na ce a raina shi ke nan, daji ya tafi. Sai tsohon ya cire malafar, ya duba, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Tun ranar jana'iza ban ga haƙoransa ba sai ranar.

Ya ce, "Ka gani, Layo? A gonata, a kaina! Wannan ɗan wa ne? Ya sunansa?"

Nica ta ce, "Pirata, Kawu. Ba ya jin magana."

"Au, har suna gare su? To faɗa mini sauran."

Nica ta fara nunawa da yatsa. Wancan Capitán. Wancan mai yagaggen kunne Chato. Waccan mai barci Paloma. Sai tsohuwar ta taso daga cikin ganye, ta zo reshen da ke kanmu, ta leƙo da fuskar nan tata a murtuke, ta hau yi mana haushi, ta karyo ɗan reshe ta sako.

Don Crisanto ya ce, "Wannan fa, mai faɗan?"

Nica ta ce, "Canela," a hankali, tana kallon takalminta.

Dakta tana gefe da madubin hangen nesa a ido. Ko sauke shi ba ta yi ba ta ce, "A'a, Nica, dubi wutsiyar. Ga farin zoben nan. Doña Eufemia ce. Mu ai ba mu da Canela."

Na yi tari. Na sake yin tari kamar zan amayar da huhu. Dakta ta ɗauka ƙwaro na haɗiye, ta miƙo mini gorar ruwa ba tare da ta dube ni ba, ta ci gaba cikin fara'a, don a ganinta labarin zai ƙara wa baƙo nishaɗi.

"Ita ce mafi tsufa a garken. An ce sunan wata mata ce a ƙauyen nan, wai in ta buɗe baki har shanu watsewa suke. Nica ta iya kwaikwayonta, ran nan sai da na ƙware da kofi don dariya. Ko kun san ta, Don Crisanto?"

Tsohon yana riƙe da malafar da hannu biyu. Dariyar ba ta gama sauka daga fuskarsa ba, sai ta tsaya a wurin ta bushe.

Ya ce, "Na ɗan san ta. Matata ce."

Jama'a, na sha kunya a rayuwata, amma irin ta ranar ban taɓa ba. Ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Matar nan ta sha ba ni kofi da baƙin wake a ƙofar kicin ɗinta, tana zagina wai na rame kamar karen da ba shi da gida, tana ƙara mini wani cokalin. Ni na kama akwatin gawarta ta gefen hagu. Na nemi inda zan sa idona na rasa, sai na kafe shi a kan addata.

Dakta ta sauke madubin. Ta dubi Nica, ta dube ni, fuskarta ta yi ja har wuya. Ta ce, "Don Allah ku gafarce ni, ban sani ba, babu wanda ya…" sai ta yi shiru, don ta ga inda maganar za ta faɗa.

Nica ba ta motsa ba. Ƙunshin tamal yana hannunta, ta matse shi har romo na ɗiga ta tsakanin yatsunta.

Birinyar kuwa ba ta fasa ba. Haushi take yi, tana girgiza reshe.

Don Crisanto ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni abin nan in gani."

Dakta ta ba shi, ta gyara masa. Ya daɗe yana kallo. Mu uku muna tsaye kamar an dasa mu, sauro na cizo babu mai iya kai hannu ya kore.

Ya ce, "Akwai wani abu a bayanta."

Dakta ta ce, da 'yar ƙaramar murya, "Jaririya ce."

"Da tsufan nan ta haihu?"

"Ba tata ba ce. Uwar ta sauka ƙasa a watan Mayu, karnuka suka kama ta. Ita ta ɗauke ta. Wata mai shayarwa ce ke ɗan ba ta nono, amma a bayan wannan take kwana. Ba kasafai suke haka ba."

Daidai nan jaririyar ta miƙa hannu za ta ciri ganye, tsohuwar ta kai mata mangari, sannan ta jawo ta ta cusa a ƙirjinta.

Ya sauke madubin ya juyo wajen Nica. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi mana sauƙi.

"Nicanora."

"Na'am, Kawu."

"An ce kin iya muryarta."

"Kawu, don Allah…"

"Yi mini in ji."

Na ɗauka gatse ne, irin na wanda aka ɓata wa rai. Na ɗago zan ba shi haƙuri, sai na ga idonsa. Babu gatse a ciki ko kaɗan. Da gaske yake roƙo.

Ya ce, "Tun da muka rufe ta ban ji ta ba. Gidan shiru. Sai in bar takalmi a kan tabarma da gangan, babu mai cewa komai. Yi mini ko kaɗan ne, 'yata. Yadda take kirana in na daɗe a gona."

Nica ta buɗe baki. Yarinyar da ke tsayawa a sansani ta riƙe ƙugu ta ƙwala "Crisantooo!" mu faɗi ƙasa don dariya, ranar ko iska ba ta fito ba. Hawaye na zuba, ta sake gwadawa, ta kasa. Sai ta durƙusa a cikin laka ta rufe fuska da hannun da ya ɓaci da romo.

Ya jira ta. Da ya ga babu, sai ya gyaɗa kai ya ce, "A gaban baƙi dai kin iya."

Ya mayar wa Dakta madubinta, ya yi mata godiya kamar yadda ake yi wa baƙo, ya sa jiƙaƙƙiyar malafar a kansa. Ya ce, "Layo, fitar da ni."

Muka kamo hanya, ni a gaba yana biye. Babu abin da nake ji sai ƙarar takalman roba a laka. A bakin shinge ya zauna a kan dutse ya cire takalman da kansa, ya jera su, ya ƙi in taya shi.

Na ce, "Don Crisanto, ba yarinyar ce ta sa sunan ba. Mun iske shi ne."

Ya ce, "Kun iske shi, kuka riƙe shi da kyau. Kai ma har da kai, Layo?"

Na ce, "Har da ni."

Ya kwance dokin. Ya tsaya yana shafa wuyansa, yana kallon dajin. Daga nan ana iya jin ta sama-sama, ba ta gama faɗan ba.

"Shekara nawa suke yi a duniya?"

"Dakta ta ce wajen ashirin, in an yi sa'a."

"Ita fa?"

"Ta kusa. Haƙoranta sun cinye."

Ya hau dokin da ƙyar. Ya ce, "Ka gaya wa Dakta, muddin tana cikin dajin nan babu mai taɓa ko reshe ɗaya. Ba zan sayar da bishiya tana kai ba. Ranar da ta mutu a zo a gaya mini. Kai za ka zo, ba Nicanora ba."

Na ce, "To."

"Jaririyar, ya sunanta?"

"Ba ta da shi tukuna. Sai ta cika shekara."

Ya ce, "In ta kai, ku nemo mata wani. Kada a sa mata na 'yata Nicanora." Ya ja linzami ya tafi.

Haka muka sami dajin. Mai shanun San Andrés bai sake zuwa ba. Waɗanda ba su san yadda aka yi ba har taya mu murna suke, wai mun iya lallashin tsoho. Ni in aka faɗa sai in ce ina da aiki in tashi.

Dakta ta so ta karya doka ta canza sunan, ita da ba ta yafe kuskuren waƙafi. Ta je gidan da kanta ta faɗa masa. Ya ba ta kujera, ya ba ta kofi, ya ce kada a kuskura a taɓa. Ta dawo ta zauna a sansani har kofin da na haɗa mata ya huce.

Nica tana zuwa gidan duk Lahadi bayan coci. Tana share tsakar gida, ta wanke masa riguna, ta dafa wake. Yana amsa gaisuwarta, yana tambayar ta aiki, ba ya gaya mata baƙar magana. Amma ta ce mini tun ranar bai sake ce mata 'yata ba. Wani lokaci da sassafe mukan hango shi a kan doki a bakin shinge, ya karkata kai yana saurare. Ba ya shigowa.

Da, rabon birai juyawa muke yi, yau kai da wannan gobe da wancan. Yanzu Nica ta ce a bar mata tsohuwar, kuma babu wanda ya yi mata musu. Kullum ita ke riga mu shiga. Tsohuwar ta fara jan jiki, ba ta iya bin garke in sun yi nisa, ranar da aka kwana ana ruwa sai a daɗe ba a gan ta ba. Ni ina can ƙarƙashin Capitán da oba-oba a hannu, ina jira.

Doka ta ce in ka sami birinka ka faɗi sunansa kowa ya ji. Sai in ji ta danna, na'urar ta yi ta shuuu, ina jin numfashinta. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Baba Layo, tana nan."

Ba na tambayar wa. Sai in ce, "Na ji," in ɗaga kai in ci gaba da aikina.